Yaya tsutsa ke rayuwa cikin ƙazanta ba ta kamu da cuta ba?

Tun da buhun abincin kaji da na kifi ya yi tashin gwauron zabi, mutane da yawa suka koma kiwon tsutsa, musamman ta baƙin ƙudan nan da ake kira ƙudan soja ko BSF. Tambayar da aka fi yi min ita ce: abin da ya girma cikin kashin kaji da ruɓaɓɓen abinci, ta yaya shi bai mutu ba, kuma ba zai kashe min kaji ba? Tambaya ɗaya ce a baki, amma amsa biyu gare ta, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Mu fara da abin da ƙwaro ba shi da shi. Idan ka ba kazarka Lasota ko rigakafin Gumboro, jikinta yana haɗa wasu sinadarai da suka dace da wannan cutar ita kaɗai, ya kuma riƙe kamanninta, duk ranar da ta dawo ya gane ta. Ƙwaro ba shi da irin waɗannan sinadarai. Garkuwarsa ta haihuwa ce, da ita ya fito daga ƙwai. Amma fa kada ka raina ta.

Katanga ta farko ita ce fatarsa. An gina ta da wani abu mai tauri da ake kira kaitin, sannan akwai ɗan maiƙo a samanta. Bakteriya ba ta iya ratsa ta sai ta samu rauni. Cikin hanjinsa ma akwai wata siririyar shimfiɗa kamar rariya da ke naɗe abincin da ya ci, narkakken abinci ya wuce, yawancin ƙwayoyin cuta su tsaya.

To idan cuta ta samu ta kutsa fa? Jinin ƙwaro ba ja ba ne, ruwa ne fari-fari ko mai ɗan kore, kuma akwai ƙwayoyin tsaro da ke yawo a ciki. Ƙaramin abu kamar bakteriya haɗiye shi suke yi. Idan abu ya fi ƙarfin haɗiya, misali ƙwan da wata ƙaramar rina ta soka ta zuba a jikin tsutsa, sai su taru su lulluɓe shi, layi kan layi. Daga nan jiki ya kwarara masa wani baƙin sinadari, melanin, wanda wajen haɗa shi ake samun guba mai kashe abin da aka rufe. Shi ya sa idan tsutsa ta ji rauni za ka ga wurin ya yi baƙi. Tabon nan gyara ne da faɗa a lokaci guda.

Sai babban makamin, wanda shi ne ya ja hankalin masana. A jikin ƙwaro akwai wani kitse da ke aiki kusan irin na hanta. Da zarar jiki ya ji alamar bakteriya ko fumfuna, cikin 'yan awoyi kitsen nan zai fara zuba wasu ƙananan sinadarai cikin jini. Da yawansu huda fatar bakteriya suke yi, abin cikinta ya tsiyaye ta mutu. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Hans Boman, shi da abokan aikinsa suka bayyana irin wannan sinadari a 1981 daga jikin wani babban malam-buɗe-littafin dare, suka sa masa suna sekropin. A 1996 kuma, a birnin Strasbourg na Faransa, ɗakin binciken Jules Hoffmann ya nuna cewa idan aka lalata wata ƙwayar gado mai suna Toll a jikin ɗan ƙaramin ƙudan da ke bin 'ya'yan itace, fumfuna na cinye shi ɗungurungum. Daga baya aka gano cewa mu ma, da kaji, da kifi, duk muna da 'yan uwan wannan Toll ɗin. Hoffmann ya samu kyautar Nobel a 2011 saboda wannan aiki. Ka ji fa, daga ƙudan da ke damun mai sayar da mangwaro.

Ƙudan soja ya yi fice a nan. Masu bincike sun ƙirga ƙwayoyin gado sama da 50 a jikinsa masu haɗa irin waɗannan sinadarai, abin da ba a cika samu a ƙwari ba. Kitsensa kuma na da yawan wani mai irin wanda ke cikin man kwakwa, shi ma yana hana wasu bakteriya sakat. An gwada an gani cewa idan tsutsarsa ta yi aiki a kan kashi, Salmonella na raguwa sosai a ciki.

Ba a jini kaɗai ake faɗan ba, akwai dabara. Fara idan fumfuna ta kama ta, sai ta hau saman ciyawa ta shanya kanta a rana har zafin jikinta ya haura digiri 40, zafin da fumfunar ba ta iya girma a ciki. Zazzaɓi ne da rana. Masu maganin fara na Green Muscle, wanda aka haɗa da fumfuna aka kuma gwada a gonakin Nijar a shekarun 1990, sun san da wannan, domin yana cikin abin da ke sa maganin ɗaukar kwanaki kafin ya kashe. Ƙudan zuma na shafe cikin amya da ƙaron itace mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma idan ɗa ya mutu a cikin saƙa sai su ciro shi su yar a waje. Gara kuwa lasar juna suke yi su share ƙurar fumfuna kafin ta tsiro.

Yanzu ga amsa ta biyu, kuma ita ce ta shafi aljihunka. Duk wannan garkuwa tsutsa kanta take karewa, ba kazarka ba. Akwai abubuwan da ba sa yi mata komai, don haka ba ruwanta da su, ɗauke su kawai take yi.

Mafi muni shi ne mushe. Na san wasu na rataye matacciyar kaza a saman kududdufi don tsutsa ta riƙa faɗawa tarwaɗa, wasu kuma su bar kaji su tsattsage ta. A cikin ruɓaɓɓen nama akwai bakteriyar da ke fitar da gubar botulizim. Gubar ba ta kashe tsutsa, taruwa take yi a jikinta. Kaza ta ci 'yan kaɗan, sai ka ga ƙafa ta saki, fiffike ya zube, wuya ya langaɓe ta kasa ɗaga kai. Idan ta mutu ba a ɗauke ta ba, ƙuda ya sake yin tsutsa a kanta, wasu su ci. Haka garke ke ƙarewa, mai shi na ta neman wanda ya yi masa baki. Kuma wace cuta ce ma ta kashe kazar farko? Mushe binne shi ake yi da zurfi ko a ƙone.

Na biyu, tsutsar ciki. Binciken da ya nuna Salmonella na raguwa, shi ne kuma ya nuna ƙwan macijin ciki na fita lafiya lau. Ƙudan gida da wasu buzuzu da tururuwa ma su ne ke ɗaukar 'ya'yan farar tsutsa mai faɗi su kai wa kaji. Don haka ni ba na goyon bayan a kiwata tsutsa da kashin kaji sannan a mayar wa kaji ita da ranta. Na uku, ƙarafa masu guba irin su kadmiyom, waɗanda ke taruwa a jikin tsutsar ƙudan soja idan abincinta daga bola ne mai tsoffin batura. Babu garkuwar jikin da ke narka ƙarfe.

Abin da nake yi, nake kuma ba da shawara: ka ciyar da su abin da ka san asalinsa, dusa, ɓawon kayan marmari, ragowar abincin gida, dusar waken suya ta masu awara. Idan ka kwashe su, ka bar su kwana ɗaya ba abinci su fitar da na cikinsu, ka wanke, ka tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya zuwa biyu, sannan ka ba da ko ka shanya su bushe ƙarau.

Wajen kiwon nasu kuma, garkuwa na cin ƙarfi. Tsutsar da ke cikin cunkoso, ko yunwa, ko abinci mai ruwa tsamo-tsamo da ba iska, ita ce ke saurin faɗuwa. Idan ka ga da yawa sun yi laushi sun yi baƙi tun ba su kai girman rikiɗa ba, ga wari mai tashi, ka ware wannan bahon, kada ka haɗa shi da sauran. Baƙin da suke yi in sun gama girma daban ne, jikinsu da tauri kuma suna rarrafe suna neman busasshen wuri. Bayan sun daina rarrafe sun zama kwanso ne wata 'yar ƙaramar rina mai suna Dirhinus ke kai musu hari, an gan ta tana ɓarna a wuraren kiwo a Gana. Tana zuba ƙwai cikin kwanson, ɗanta ya cinye na ciki, sai ka jira ƙuda ya fito ka ga shiru. Maganinta raga ce mai ƙananan ido a kan akwatin da kake ajiye kwansunan, a ɗaure bakin da kyau.