Babban Asibiti ko CSI: Ina Ɗalibin Likita Ya Fi Ƙaruwa a Yamai?

Ɗalibin sashen kimiyyar lafiya na Jami'ar Abdou Moumouni ba a aji kaɗai yake zama likita ba. Karatu bai yi nisa ba za a ga ya sa farar riga ya tafi sitaj, wato koyon aiki, kuma wuraren da ake zuwa iri biyu ne. Akwai manyan asibitoci: na Lamorde da ke kusa da jami'ar a Harobanda, babban asibitin ƙasa da ya samo asali tun 1922, asibitin haihuwa na Issaka Gazobi, da na ƙwararru da ƙasar Sin ta gina aka ƙaddamar a 2016. Akwai kuma CSI, ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwanni irin su Bukoki da Gamkale, har zuwa na karkara. Da za a bar wa ɗalibai zaɓi, yawancinsu babban asibiti za su nufa, kuma ba na ganin laifinsu.

Can ne farfesoshi suke. Can ake ganin tiyata, a karanta hoton ƙirji, a ci karo da cutar da sai a littafi aka san sunanta. Wanda bai kwana gadi a ɗakin gaggawa ba bai san nauyin aikin ba, wannan babu gardama. Sai dai ɗalibai sun yi yawa. Malami ɗaya yana zagayen safe, gungun masu fararen riguna na biye da shi, na baya yana ɗage ko ya hango cikin da ake dannawa. Ga kuma abin da ya fi damuna: majinyacin da ya iso nan ya riga ya jigata. Ɗalibi yana ganin yaron da masassarar cizon sauro ta shanye wa jini, amma kwanakin da yaron ya yi a gida ana ba shi jiƙo da maganin tebur, da kuɗin mota da aka rasa, duk ba a idonsa aka yi su ba.

A CSI kuwa komai a gabansa yake faruwa. Tun da sassafe mata sun cika benci, masu awon ciki gefe, masu rigakafi gefe, kowace da kati a hannu da goyo a baya. Majo, wanda sau da yawa ma'aikacin jinya ne da ya daɗe a bakin aiki, zai miƙo wa ɗalibi ɗan zaren awo mai launi uku ya ce, "Ƙanena, fara da wannan." Ya naɗa a damtsen yaro, in ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. A ba uwar Plumpy'Nut, wanda kamfanin STA ke yi a nan Yamai, sannan a shiga aiki mai wuya: fahimtar da ita cewa magani ne na wannan yaron, ba abin raba wa yayyensa ba. Ta ce, "To likita, sauran in yi yaya da su?" Irin wannan tambayar ba a yin ta a jarrabawa, ga shi kuwa ita za ta bi shi duk tsawon aikinsa.

Nan ne kuma ɗan Maradi ko Damagaram yake gane cewa Faransancinsa ba zai kai shi ko'ina ba, Hausar ma wani lokaci sai ya haɗa da Zabarmanci. Nan yake ganin yadda dokar 2006 ta kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta take a aikace: a takarda kyauta ne, amma in kuɗin da gwamnati za ta mayar wa cibiya sun yi jinkiri, sai magani ya yanke, a rubuta wa uwa ta je ta sayo. In sitaj ɗinsa ya faɗo a damina, zai bi wakilan lafiya na unguwa gida-gida suna raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin kariyar masassara, sau ɗaya a wata. Ya ga kwatar da ke ƙofar gida, ya ga gidan sauron da aka rufe shuka da shi.

CSI na da nata babban rauni, wato rashin mai sa ido. Majo yana da layi har waje, ba shi da sukunin koyarwa, malamin jami'a kuma ba kullum yake leƙowa ba. Ɗalibi mai himma ya ƙaru, malalaci ya sa hannu a rajista ya sulale, wani kuma ya kwashi gurguwar al'ada, kamar rubuta wa duk mai zazzaɓi magani ba tare da gwajin jini ba.

Duk da haka ni na fi karkata ga CSI, ko ba komai saboda yawancin ƴan Nijar a karkara suke, kuma likitan da aka tura Wallam ko Filinge zai tarar da aiki mai kama da na Bukoki, ba na Lamorde ba. Abin da ya rage shi ne jami'a ta riƙa aiko malami ya zauna kusa da majo, ya duba abin da ɗalibi ya rubuta, ya ba shi maki mai nauyi daidai da na sashen tiyata.