Wa Yake Zaɓa Wa Ƙudan Zuma Gida?

Da yawa daga cikinmu mun taɓa rataye amya a kan ɗorawa ko tsamiya, muka yi ta jira har shekara ta juyo, ko ƙuda ɗaya bai shiga ba. Ta maƙwabci kuwa tana can cike da saƙa. Mukan ce rashin sa'a ne. Amma ƙudan zuma ba su shiga gida da ka. Sai sun duba, sun yi shawara.

Idan amya ta cika, tsohuwar sarauniya takan fita da dubban ma'aikata. (Mun saba cewa "sarkin zuma", amma mace ce, aikinta kuwa saka ƙwai.) Sai su dunƙule a reshen itace kusa, kwana ɗaya ko 'yan kwanaki. Ba ita take ba da umurni ba. 'Yan ɗari kaɗan daga cikin manyan ma'aikata su ne suke fita neman wuri.

Wadda ta sami kogo takan shiga ta zazzaga cikinsa, ta fito, ta sāke shiga. Sa'an nan ta koma ta yi rawa a bayan 'yan'uwanta. Inda ta fuskanta yana nuna hanya bisa ga inda rana take, daɗewar kaɗa jikinta kuma yana nuna nisa. Karl von Frisch, mutumin Ostiriya, shi ya gano ma'anar rawan nan, har aka ba shi lambar Nobel a 1973. Almajirinsa Martin Lindauer ya lura da waɗansu masu rawa da suka dawo da baƙin hayaƙi da ƙurar bulo a jiki, ya gane ba fure suka je nema ba, gida ne. Yakan bi taron da gudu a titunan Munich, a Jamus, domin ya ga ko za su sauka inda rawan ya nuna. Can kuwa suke sauka.

Daga baya Thomas Seeley na Jami'ar Cornell a Amurka ya gwada su da akwatuna iri iri a tsibirin Appledore. Ya tarar wadda ta ga wuri mai kyau ta fi daɗewa tana rawa, saboda haka ta fi jawo masu zuwa dubawa. Kowace kuwa sai ta je ta gani da idonta kafin ta yi rawa. Da masu duba suka taru da yawa a ƙofa guda, magana ta ƙare, sai a tashi.

Me suke so? Ƙudan da Seeley ya gwada sun fi son kogo mai cin kamar lita 40, da ƙaramar ƙofa, nesa da ƙasa. Saboda haka mu toshe kafofin amya, mu rufe ta kada ruwa ya shiga, mu kore tururuwa, mu goga kakin zuma a ciki, gama suna son ƙanshin inda aka taɓa zama.

In kuwa taro ya sauka a itacen tsakar gida, kada mu ɗauko wuta. Baƙi ne masu wucewa. Amma ƙudanmu na Afirka suna da saurin fushi, sai a janye yara da awaki, a kira wanda ya iya ya zo da amyarsa da yamma.