Rijiyarsu Gaba Nawa Ce?

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, in kun bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ku duba dama da hagu. Ba za ku ga daji ba, sai gona ta haɗe da gona, wannan unguwa na hangen waccan. Shin me ya tara jama'a haka? Ruwa ne.

Damina a nan wata huɗu ce ko biyar, daga Mayu ko Yuni zuwa Satumba. Ruwan yakan ishi gero da dawa da wake da gyaɗa. Ƙasar kuwa jigawa ce, ba ta wahalar da fartanya. Ƙudan tsando mai kashe shanu a dazuzzukan kudu bai sami wurin zama a nan ba, saboda haka dabbobi suka yaɗu, taki ya samu. Wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, ya bincika wannan yanki a shekarun 1960, ya tarar ana noma yawancin gonaki kowace shekara ba hutu, da takin gida da wanda jakuna ke kawowa daga birni.

Amma fa ruwan da ya tara mutane, in ya ɗauke, shi ke watsa su. A yunwar Kakalaba ta 1914 mutane da yawa sun mutu, waɗansu suka yi kudu. Farin 1973 da na 1984 su ma sun ta da magidanta zuwa birni. Bayan na 1973 ne aka gina madatsun ruwa na Tomas wajen Ɗambatta, da Jakara a Minjibir, da Watari a Ɓagwai. Inda ruwa ya kwanta aka sami noman rani, mai zuwa cin rani ya sami dalilin zama gida.

To, ina ruwan mace da wannan? Ai ita ke fama da tulu da murhu. In ana maganar kai 'yarki wani gari, bayan an binciki halin yaro, a tambaya: rijiyarsu gaba nawa ce, tana kuma kai bazara? Suna da fadama?

Ke uwargida, tattala rumbu tun daga kaka, kada biki ya cinye hatsin bazara. Ki roƙi maigida kada a sare gawo da ɗorawa da kuka, gama su ke riƙe gona da miya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.