Tagar da ta ƙi buɗewa: abin da ƙura da baƙin mai ke yi wa ƙananan motocin haya

Da yawa daga cikin ƙananan motocin bas da ke jigilar fasinja tsakanin Yamai, Tawa, Maradi da Damagaram, asalinsu motocin dakon kaya ne. Sun gama aikinsu a Turai, aka sauke su a tashar ruwa ta Kwatano ko ta Lome, jikinsu rufe ruf, babu taga sai ta gaba. A gareji ake yanka ƙarfen gefe, a dasa tagogi masu zamewa, a jera kujeru, sai Toyota Hiace ta fito a matsayin "mai kujera 19", ko ta shiga sahun faba-faba a cikin birnin Yamai.

Irin wannan mota ce samari da yawa ke burin mallaka, kuma ita ce ƴan ci-rani ke turo kuɗi a saya wa ƙane ko ɗan uwa don ya riƙe gida. Mai saye kan duba inji da tayoyi da takardun duwan. Ba kasafai ake tura tagogi a gani ko suna tafiya ba, sai an shiga bazara fasinja sun fara kokawa da gilashi.

Me ke sa taga ta ƙage?

Gilashin taga mai zamewa yana gudu ne a cikin wani siririn gurbi na alminiyam ko na roba, wanda aka lulluɓe cikinsa da wani abu mai laushi kamar karammiski. Wannan laushin ne ke sa gilashi ya zame ba ƙara, ya kuma hana ruwa shiga. A ƙasan gurbin akwai ƙananan huji da ruwan sama ke fita ta cikinsu.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura mai laushi kamar gari, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele na arewacin Cadi. Ƙurar tana zama a cikin gurbin, ta haɗu da ɓawon gyaɗa da guntun leda da fasinja ke turawa ciki. Idan damina ta zo, ruwa ya jiƙa ta, ta toshe hujin ƙasa, ta bushe ta yi tauri kamar laka. Ruwan da ya rasa mafita kuma sai ya bi bakin ƙarfen da aka yanka, tsatsa ta fara ci daga nan. Zafin rana ma yana busar da robar, ta tsage ko ta lanƙwashe ta kama gilashin.

Baƙin mai ba magani ba ne

Abin da karen mota ya fi saurin yi idan taga ta ƙage shi ne ya ɗiga baƙin mai ko ya shafa giris. Ranar farko taga za ta zame, kowa ya ji daɗi. Bayan ƴan kwanaki a kan hanya, man ya kwashi ƙura ya zama baƙin kunu mai yashi, yana cin karammiskin yana kuma kartar gilashin. Ban da haka, irin robar da ake sa wa tagogin mota ba ta jituwa da man da aka samo daga fetur: tana shan sa ta kumbura, gurbin ya ƙara matsewa. Kananzir da gas ma haka suke yi mata. Shi ma feshin WD-40 da aka saba gani a gareji, amfaninsa shi ne kwance ƙarfen da ya yi tsatsa, kamar ƴar sakatar taga, ba a cika shi cikin gurbin roba.

Gyaran da ya dace ba ya cin kuɗi. Da farko a fitar da busasshiyar ƙura da tsohon buroshin haƙori, ko a kai motar wurin mai faci ya hura gurbin da iska. Sannan a wanke da ruwan sabulu, a tura gilashin gefe guda a goge, a mayar da shi ɗaya gefen a sake gogewa. A zura siririyar waya a buɗe hujin ƙasa, a zuba ruwa kaɗan a tabbatar yana fita waje. Sai gurbin ya bushe sarai za a sa masa abin da zai sa shi santsi.

Mafi dacewa shi ne feshin silikon, domin ba ya cutar da roba kuma ba ya riƙe ƙura kamar mai. Ana fesa kaɗan, a tura gilashin gaba da baya sau da yawa, a goge abin da ya malalo. Inda babu silikon, ana iya goga kyandir ko busasshen sabulu a gefen gilashin, ko da yake ba sa daɗewa. A lokacin hunturu ya kamata a share gurbin duk mako, a kuma yi masa cikakken wanki kafin ruwan farko.

Idan karammiskin ya cinye har ana jin gilashi na gogar ƙarfe, sai an sake robar. Bayan da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya da yawa sun koma zagayowa ta Togo da Burkina Faso, don haka robar da aka tsaftace ta ƙara shekara guda riba ce ga mai mota.

Idan laifin jikin mota ne

Akwai tagar da ko an wanke ta an fesa mata silikon ba za ta saki ba. A nan sai a dubi aikin da aka yi tun farko. Yanka ƙarfen gefe yana rage ƙarfin jikin mota, musamman idan mai walda ya tsinke ƙarafan da ke tsaye ba tare da ya ƙarfafa wurin ba. Daga baya a ɗora buhunan hatsi da babur da awaki a kan rufi, a bi hanya mai ramuka, sai rufin ya danno, firam ɗin taga ya karkace ya matse gilashi.

Gane wannan ba wuya. Idan taga tana zamewa lokacin da mota ba kaya, ta ƙage da zarar an yi lodi, to jikin motar ne ke lanƙwasa. Ana kuma iya auna firam ɗin da zare daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa da ke fuskantarta, a sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. Idan tsawon bai zo ɗaya ba, aikin na mai gyaran jikin mota ne, kuma rage lodin rufi na cikin maganin.

Abin da ba a yi ko kusa shi ne ɓamɓarar gilashi da sukudireba. Gilashin gefen mota ana gasa shi ne a zafin da ya haura digiri 600, a sanyaya shi da sauri, shi ya sa ya fi na gida ƙarfi ninki huɗu zuwa biyar. Amma rauninsa a baki yake. Ƙarfe ya ɗan ci bakinsa, gaba ɗaya zai tarwatse ya zama ƙananan tsakuwoyi.

Wannan irin fashewa da gangan aka tsara ta, domin tsakuwoyin ba sa yanka kamar wuƙa. Shi ya sa maye gurbinsa da gilashin gida ganganci ne. Gilashin da aka gasa ba ya yankuwa, saboda haka duk wanda aka yanka a gaban mai mota da ƴar wuƙar gilashi, ba irinsa ba ne. Na asali yana ɗauke da tambari a kusurwa. A motocin Turai za a ga harafin E cikin da'ira da lambar 43R. Wasu kuma suna sa farar roba mai kama da gilashi. Ita ba ta yanka mutum, sai dai tana buɗewa da zafi kusan ninki takwas fiye da gilashi, don haka takan ƙage da tsakar rana, lokacin da aka fi buƙatar iska, kuma fasa ta a lokacin hatsari yana da wuya.

Iska da mafita

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a Tawa, Maradi da Damagaram. Daga Yamai zuwa Maradi ta Dosso da Birnin Ƙonni tafiya ce ta sama da kilomita 650, kuma irin waɗannan motoci da wuya a samu mai na'urar sanyaya iska. Ga tsoho ko mai juna biyu ko jariri da ke kujerar baya, tagar da ba ta buɗewa na iya kai shi ga suma.

Babban hatsarin ya fi haka. Hiace da aka shigo da ita daga Turai galibi ƙofar fasinja guda gare ta, a gefen dama. Ƙofar baya kuma sau da yawa kujera da kaya sun tare ta, an ɗaure ta da igiya. Idan motar ta faɗi ta gefen dama, ƙofar tana ƙasa, mutum goma sha ba su da hanyar fita sai tagogin hagu. Tagar da aka liƙe da waya, ko aka cusa mata kwali don ta daina ƙara, ko aka gitta mata ƙarfe, ta tashi daga zama mafita.

Saboda haka duk wanda zai sayi irin wannan mota, ko ya turo kuɗi daga Libiya ko Aljeriya ko Abijan a saya, yana da kyau ya sa a tura kowace taga har ƙarshe a gaban wakilinsa, a duba tambarin gilashi, a kuma duba ko tsatsa ta fara a ƙasan firam. Shi ma fasinja yana da haƙƙin ya gwada tagar kujerarsa tun mota na tasha, ya faɗa wa direba ko shugabannin tasha idan ta ƙi motsi. Buroshi da sabulu da gwangwanin silikon guda ba su kai kuɗin sabon gilashi ba, kuma aikin ba ya wuce lokacin da mota ke ɗauka tana jiran layi.