Aikin Gayya Da Ƙungiyoyin Taimakon Kai A Ƙasar Funtuwa Da Malumfashi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota daga Funtuwa zuwa Malumfashi da damina ya san irin albarkar da Allah ya yi wa wannan yanki. Dama da hauni ba abin da ido ke gani sai masara da dawa da auduga da waken soya. Amma kadan matafiyi ya ratse daga kan kwalta ya nufi ƙauyukan Bakori, ko na Ɗanja, ko na Ƙafur, sai ya tarad da wani abu dabam. Ƙasar laka ce, ruwan sama kuwa ya fi na wajen birnin Katsina yawa, saboda haka kowace shekara ruwa ya kan ci hanya, ya yanke kwalbati, ya kwashe rufin aji. Mafi yawan lokaci masu gyara wannan ɓarna samarin gari ne waɗanda suka haɗa kansu ƙungiya, ba wanda ke biyansu ko anini. Nufinmu mu bayyana wa 'yan'uwa asalin wannan aiki, da yadda a ke yinsa, da abin da ke kashe shi.

Asalinsa dai gayya ce. A zamanin kakanninmu, in aiki ya fi ƙarfin mai gona da mutanen gandunsa, sai ya kai goro wurin sarkin noma ko sarkin samari, a sa rana. Ran nan tun da sassafe samari su hallara da hauyoyinsu da garemaninsu, makaɗan noma na binsu da ganga suna yi wa kowa kirarinsa, kowane saurayi na ƙoƙarin ya riga ɗan'uwansa kai ƙarshen kunya. Mai gona ba ya biyan lada, abin da ke kansa fura da tuwo da goro ne kawai. Saurayi mai neman aure ya kan kira gayyar abokansa zuwa gonar uban yarinya. Haka kuma a ke yi wajen ɗora jinka, da gyaran ganuwa, da haƙa rijiya. Ƙashin bayan al'amarin shi ne ramuwa: gumin da aka zuba a gonarka bashi ne, ran da aka kira gayyar wani sai ka je ka biya. Wanda ya saba ƙin amsa kira, ranar tasa sai ya ga shi kaɗai da fura tana tsami.

Wajibi ne mu rarrabe tsakanin gayya da aikin tilas, gama akwai tsofaffin da har yanzu su ke haɗa su. A zamanin Turawa a kan aiko wa hakimi a ce ya ba da mutum kaza don gyaran hanya, shi kuwa ya aza wa dagatai. A lokacin yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944, an ɗebi mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da aka kira ɗiban gwamna. Wannan aiki tsoro ne ya ke sa a yi shi. Gayya kuwa kunya da zumunci ke sa a zo ta, kuma amfanin aikin yana zama a garin waɗanda suka yi shi.

Me ya rage wa gayyar noma ƙarfi? Da fari dai kuɗi. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wadda aka gama a 1929, ta bi ta Funtuwa, kamfanin B.C.G.A. kuma ya kafa injin gurzar auduga a nan. Da auduga ta zama kuɗi a hannu, sai gumi ma ya sami farashi, mai hali ya ga ɗaukar 'yan ƙodago ya fi masa sauƙi bisa ga ciyad da taro da jiran ranar ramuwa. Sa'an nan garmar shanu ta shigo, shanu biyu suna huɗar da dā sai an tara mutane. Daga 1975 zuwa 1980 aka yi babban shirin raya noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya kawo takin zamani da irin masara, ya gina hanyoyin ƙauye da madatsun ruwa. Daga baya maganin ciyawa ya zo ya rage aikin hauya ƙwarai. Duk waɗannan ci gaba ne, ba mu ƙi su ba. Amma shiri ya kan ƙare, ma'aikata su tashi, hanyar da aka gina kuwa ta ci gaba da shan ruwa kowace damina. Nan ne gayya ta bar gona ta koma kan abin da ya ke na kowa da kowa.

Ƙungiyar taimakon kai ta yau tana da shugaba, da magatakarda, da ma'aji, dattawan unguwa kuma su ne iyayenta. Aikinta yana bin shekarar manomi ne. Da bazara, kafin ruwa ya sauka, su kan yashe magudanai, su cike bakin kwazazzabo da duwatsu da buhunan yashi. Da damina su kan nome makabarta, su zuba burji inda mota ke kafewa, su taya marayu da marasa lafiya noman gonarsu. Da kaka su ke karɓar gudummawa, wani tiya, wani dami, wani buhu, domin a lokacin ne manomi ke da abin bayarwa. Da rani, sa'ad da hannuwa suka sami sarari, sai a buga tubali, a gyara aji, a yashe rijiya, a kewaye makabarta. Ƙungiyar da ta nemi kuɗi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ta kan koma hannu wofi, ta ce mutane sun yi rowa, alhali kuwa ita ce ba ta san lokaci ba.

Kada a raina amfanin wannan aiki. Tumatir da raken Ɗanja, da hatsin da a ke kai wa kasuwar Ɗandume, duk ta ƙananan hanyoyin nan su ke fitowa. Kwalbati guda in ta karye, direba ya ƙi shiga, sai tumatir ya ruɓe a kwando, ko manomi ya sayar a wulakance ga wanda ya iya isowa. Mace mai naƙuda kuma ta wannan hanya za a bi da ita zuwa asibiti.

Akwai wani reshe na aikin sa kai wanda kowa ya san shi da kayan sarki, watau 'yan agaji. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962, da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, kowace tana da nata. Su ke tsara jama'a a filin Idi da wuraren wa'azi, su ke taimakon alhazai, su ɗauki wanda ya faɗi. A shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, har aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, mutane da yawa sun baro ƙauyukansu zuwa manyan garuruwa, kuma kafin taimakon hukuma ya iso, maƙwabta da masu aikin sa kai ne suka fara ba su tabarma da abinci.

To, me ke kashe ƙungiya? Mun ga wata da idonmu a wani ƙauye da ba za mu ambaci sunansa ba. Sun tara masara da kaka don su gina bakin rijiya, suka sayar, suka danƙa kuɗin ga ma'aji, mutumin kirki a ganin kowa. Shi kuwa ya ce bari ya juya su a fatauci kafin rani, ciniki ya karye. Da aka zo lissafi ba littafi, ba shaida, wannan ya ce kaza ne, wancan ya ce ya fi haka. Daga nan ba a sake taruwa ba, rijiyar ma mun baro ta ba baki. A gayyar dā ba a ajiye kome, aiki da tuwo duk a yini ɗaya su ke ƙarewa a gaban kowa. Ƙungiya kuwa tana ajiya, ajiyar da ba rubutu ita ke raba zumunci. Abu na biyu shi ne siyasa: ran da ƙungiya ta zama ta ɗan takara guda, rabin gari sun fita daga cikinta.

A nan za mu iya koyon wani abu daga waje. Wani lauya, Paul Harris, ya kafa ƙungiyar Rotary a birnin Shikago na Amurka a 1905, reshenta na farko a Nijeriya kuwa a Kano aka buɗe shi a 1961. Tun 1985 ta ɗauki yaƙi da shan inna, tana cikin waɗanda suka dage har aka tabbatad da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka a 2020. Ba su fi mutanenmu tausayi ba. Abin da ya raya su shi ne suna da ranar taro tsayayya, suna rubuta shiga da fita, kuma kowace shekara su kan sāke shugaba.

Wannan shi ne rabonmu mu masu koyon aikin malanta. Yawancinmu ƙauye za a tura mu, kuma malamin makaranta shi a kan fara nema ya zama magatakarda. In an nema kada mu ƙi. Mu buɗe littafi, mu rubuta kowace tiya da sunan mai bayarwa, mu karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, mu sa a ɗauki aiki guda a gama shi kafin a fara wani. Ranar aiki kuma mu tuɓe riga mu ɗauki shebur tare da kowa, gama yaran da mu ke koya wa suna kallo. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu zama masu amsa kira, amin.