Yadda Waya Ta Ke Ɗauko Wuta Da Magana

In ka fita ta Ƙofar Ɗan Agundi ka ɗaga kai, za ka ga wayoyi bisa dogayen turaku na ƙarfe. In ka shiga cikin birni kuma, za ka ga waɗansu ƙanana bisa falwaya, sun bi lungu lungu, sun shiga gida gida. Kullum mutane na wucewa ƙarƙashinsu, amma kaɗan ne suka san abin da ke gudana a ciki. To, bari mu bayyana maka, gama sanin wannan ya kan tsirar da rai da dukiya.

Ka sani waya iri biyu ce. Akwai mai ɗauko ƙarfi, watau wutar lantarki, akwai kuma mai ɗauko saƙo. Ta saƙo ita ta riga zuwa Kano. Bayan Turawa sun ci birnin a 1903 suka ja wayar tangaraho, da jirgin ƙasa ya iso a 1911 kuwa, waya ta bi gefen dogo tasha tasha. Ta wuta sai a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, sa'ad da En'e ta kafa injin ruwa da na lantarki a Challawa, a farkon shekarun 1930. Yanzu wutar Kano daga nesa ta ke tasowa, daga madatsar Kainji da aka gama a 1968, da ta Shiroro ta 1990, da tashoshin gas na kudu. Ta kan biyo ta Kaduna, ta yi tafiyar kilomita wajen 230, ta sauka a babbar tasha ta Kumbotso.

Waya hanya ce, kowace hanya kuwa tana da kuɗin fito. Sa'ad da lantarki ke gudu cikin ƙarfe, ƙarfen ya kan yi masa turjiya, sai wani kashi nasa ya zama zafi ya bi iska. Waya siririya ta fi mai kauri turjiya, doguwa kuma ta fi gajera, kamar yadda taron Hawan Salla ya kan matsu a ƙofar gari. Abu biyu a kan auna ga lantarki. Na ɗaya yawansa, kamar yawan ruwan da ke bin famfo. Na biyu ƙarfin turinsa, wanda a ke aunawa da bolt. Hasarar hanya ga yawan ta ke. In ka ninka yawan sau biyu, zafin da ke ɓata ya ninku sau huɗu. In ka ninka sau goma, ya ninku sau ɗari.

Ka ji labarin fataken da. In falke ya ɗora wa jakuna wuri zai yi nisa da shi, kafin ya isa abincin dabbobi da ladan 'yan kora sun cinye rabin dukiyar. Saboda haka mai wayo sai ya musanya wurin da zinariya, ya ƙulle a ɗan tsumma, in ya isa ya sāke musanyawa. Haka masu lantarki su ke yi. Da wata na'ura da a ke kira taransifoma su kan ɗaga turin ya kai bolt 330,000, sai yawan ya ragu ƙwarai, alhali aikin da wutar za ta yi bai ragu ba. Da a ce da bolt 33,000 aka aiko ta cikin wayar nan, da hasarar ta ninku sau ɗari.

Amma ba a sayen gishiri da zinariya, sai an karya ta. A Kumbotso a kan sauke wutar zuwa bolt 132,000, a aika ƙananan tashoshi kamar ta Ɗan Agundi da ta Dakata. Nan a mai da ita 33,000, sa'an nan 11,000. Taransifomar unguwarku ita ce ta ƙarshe, ita ke ba ka wajen bolt 230 na ƙwan fitila da fanka.

Manyan wayoyin nan da goran-ruwa a ke yinsu don sauƙin nauyi, da ƙarfe a tsakiya don kada su tsinke. Ba su da riga, iska kaɗai ke tsakaninsu da kai, shi ya sa a ke rataye su can sama bisa faifan tangaran ko na kwalba, waɗanda lantarki ba ya ratsawa. Da bazara zafi ya kan miƙar da ƙarfe su yi lanƙwasa, da hunturu su ɗame. Watakila ka ce, to, me ya sa tsuntsu ke sauka kansu lafiya? Dalili shi ne waya guda ya taka, wutar ba ta sami hanyar bi ta jikinsa zuwa ƙasa ba. Kai kuwa ƙafarka na ƙasa. Babbar waya ma ba ta jiran ka taɓa ta, in ka matsa kusa sai ta yi tsalle ta cim maka.

Wayar saƙo damuwarta dabam ce. Lantarkin da ke cikinta ɗan kaɗan ne, abin bukata shi ne ya isa da kamanninsa. A 1858 aka shimfiɗa waya ƙarƙashin teku tsakanin Turai da Amurka. Alamun da aka buga suka riƙa isa a caɓe, har gaisuwar Sarauniya Biktoriya, wadda ba ta kai kalma 100 ba, ta ɗauki sa'a wajen 16. Bayan mako uku wayar ta mutu, sai a 1866 aka sami mai ɗorewa. Daga baya wani masani na Ingila, Oliver Heaviside, ya fitar da lissafin yadda saƙo ke tafiya cikin doguwar waya.

Abokan gāban saƙo uku ne. Na fari dusashewa, maganinta a kafa na'urar da ke sabunta shi a kan hanya, kamar yadda manzo ke sauya doki a zango. Na biyu hayaniyar waɗansu wayoyi na kusa. Don haka a kan tufka waya biyu kamar igiya, ko a lulluɓe ta tsakiya da ragar ƙarfe, irin wadda ke shiga talabijin. Na uku amsa-kuwwa: in ƙarshen waya bai dace da na'urar da aka haɗa ba, wani kashi na saƙon ya kan komo baya ya rikita mai zuwa. A zamanin nan kuwa mafi yawan maganar nesa cikin zaren gilashi ta ke tafiya, siriri kamar gashi, da haske maimakon lantarki. Irinsa ne a ke binnewa gefen titi.

Yanzu ga gargaɗi. Kada ka yi gini ko rumfa ƙarƙashin babbar waya. Doka ta ce a bar mita 25 kowane gefe na mai bolt 330,000. In ka ga waya ta faɗo, ko da ba ta motsi, ka yi nisa, ka kori yara, ka sanar da ma'aikata. Kada ka ja wuta da siririyar waya ka ɗora mata dutsen guga da murhu, gama za ta yi zafi ta kama, a birni kuwa inda soro ke jingine da soro gobara ba ta tsayawa gida ɗaya. Ka tuna kuma da watan Oktoba na 2024, da aka lalata turakun da ke tsakanin Shiroro da Kaduna, wata hanyar kuma ta sami matsala. Kano da sauran garuruwan Arewa suka yi fiye da mako cikin duhu, masu niƙa da teloli da masu ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. Wanda ya kwance ƙarfen turke a daji, abincin dubban gidaje ya kwance.