Magungunan Ƙwaƙwalwa da Mace-macen Tsofaffi Bayan Karayar Ƙugu

Abin da likitoci ke kira karayar ƙugu, karaya ce a saman ƙashin cinya, daf da inda yake shiga kwatangwalo. Nazarce-nazarcen Turai da Amurka sun sha nuna cewa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na tsofaffin da suka samu wannan karaya kan rasu kafin shekara ta zagayo. Daga cikin abubuwan da ke halaka su akwai abin da doguwar kwanciya ke jawowa, kamar ciwon huhu da daskarewar jini a jijiyoyi da gyambon kwanciya. Saboda haka ne hukumar NICE ta Birtaniya ta shawarta, a 2011, cewa a yi tiyata ranar da aka kwantar da majinyaci ko washegari.

Da yawa daga cikin waɗannan tsofaffi suna shan magungunan ƙwaƙwalwa tun kafin su faɗi, kuma wani lokaci maganin ne sanadin faɗuwar. Na barci irin su diazepam da zolpidem suna kashe jiki. Amitriptyline kan saukar da jini idan mutum ya miƙe tsaye, sai jiri ya kwashe shi. Sertraline da danginsa kan rage gishirin sodiyom a jini, su kuma ƙara zubar jini lokacin tiyata.

Inda magana ta fi nauyi shi ne magungunan taɓin hankali, irin su haloperidol da risperidone, waɗanda ake ba masu cutar mantuwa don su natsu. A 2005 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗin cewa sabbin nau'o'insu suna ninka haɗarin mutuwa sau 1.6 zuwa 1.7 a tsakanin tsofaffi masu wannan cuta, a 2008 kuma ta haɗa har da tsofaffin nau'o'in. Suna iya rikita bugun zuciya, suna kuma raunana haɗiya har abinci ya kauce zuwa huhu.

Sai dai akwai tarko wajen fassara alƙaluman asibiti. Tsohon da aka ɗora wa haloperidol galibi shi ne wanda mantuwa ko ɗimuwa ta riga ta galabaitar, kuma waɗannan cututtuka su kansu suna kusantar da ajali. Mai nazarin da ya ga mace-mace sun fi yawa a cikin masu shan magani, ya jingina laifin duka ga maganin, ya yi gaggawa. Gargaɗin 2005 ya samu ƙarfinsa ne domin ya dogara ga gwaje-gwajen da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, alhali mafi yawan abin da aka rubuta kan masu karayar ƙugu bin diddigin kundin asibiti ne.

Gwaje-gwaje biyu sun haska batun ɗimuwar bayan tiyata. A Holan, a 2005, Kalisvaart da abokan aikinsa sun ba tsofaffin da za a yi wa tiyatar ƙugu ɗan haloperidol a matsayin rigakafi. Bai rage yawan masu ɗimuwar ba, ko da yake ya rage tsananinta da tsawon kwanakinta. A Boston kuwa, a 2001, Marcantonio da tawagarsa sun sa likitan tsofaffi yana duba majinyaci kullum, yana lura da shan ruwa da zafin ciwo da iskar numfashi, yana janye maganin da ba dole ba. Ɗimuwa ta sauka daga kashi 50 zuwa 32.

Wannan bai ba iyali lasisin yanke wa tsoho magani da kansu ba. Wanda ya shekara yana shan diazepam, in aka katse masa rana ɗaya, yana iya faɗawa cikin farfaɗiya. Jadawalin Beers, wanda ya fara fitowa a 1991, yana taimaka wa likita ya gane abin da ya kamata a rage sannu a hankali, amma hakan ba ya yiwuwa sai ya san duk abin da majinyaci ke sha, har da ƙwayar barcin da aka saya a kemis ba tare da takardar likita ba.